Wata Bakwai da Akwatin Gilashi na Shuka a Yamai

A daminar bara na sayi akwatin gilashi mai murfi, irin wanda ake rainon tsirrai a cikinsa a ɗaki, wanda Turawa ke kira terariyom. Na same shi a wani shagon kayan ado a nan Yamai kan jika goma sha biyu, tsawonsa santimita 40, kuma mai shagon ya tabbatar mini cewa duk abin da na dasa a ciki zai rayu ba tare da ban ruwa ba. Rabin maganarsa gaskiya ce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, shi ya lura a shekarar 1829 cewa tsiro na iya rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba, domin ruwan da ya tashi daga ƙasa da ganye yana zama raɓa a jikin gilashin, sannan ya gangara ya koma inda ya fito. A wannan fanni akwatin ya cika alkawari: murfinsa yana zama daram, haɗin gefunansa bai taɓa yoyo ba, kuma ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa kuma ƙura ke rufe komai a falo, da safe nakan tarar da raɓa kwance a jikinsa.

Na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, na zuba dakakken gawayi a kanta, sannan ƙasa mai ɗan yashi. Tsirran kuwa ban saya ba. Na ɗebo tafasa da gasaya ƙanana daga wani kango a unguwarmu, na kuma kankaro gansakuka daga gindin wata katanga mai inuwa kusa da bakin kogi, a watan Agusta da ruwa ya fi sauka. Mahaifiyata da ta ga ina dasa tafasa a gilashi sai ta ce, "Kai ɗan nan, abin da ake yin kwaɗo da shi ne ka mayar kayan ado?"

Ita ce ta fi ni gaskiya. Tafasa da gasaya tsirran fili ne da suka saba da rana da iska, saboda haka cikin mako biyu suka yi tsawo sirara suna neman haske, suka tokari murfin, daga baya gindinsu ya ruɓe, farar fumfuna ta bi ƙasar. Dole na tuge su, na bar akwatin a buɗe kwana uku.

Gansakukar ce ta biya ni kuɗina. Ba ta da saiwa ta gaskiya, da jikinta take shan danshi, don haka iskar da ta kashe sauran ita ce abincinta. Ta bazu a kan tsakuwa kamar koren darduma, kuma sau ɗaya da na manta murfin a buɗe ta bushe ta yi ruwan ƙasa, amma da na yayyafa mata ruwa sai ta farfaɗo kafin la'asar. Na lura ta fi son ruwan sama da na tara a bokiti, domin na famfo yana barin farin tabo a gilashin.

Babban aibin akwatin shi ne ba a yi shi don zafinmu ba. Ba shi da wata ƙaramar kafar shan iska da za a iya buɗewa ko rufewa, ga shi rufaffen gilashi yana tara zafi. A watan Maris, da rana ta fara tsananta, sa'a biyu kawai da ya yi a bakin taga ta ƙona kusan rabin gansakukar, kuma wannan rabin bai dawo ba. Yanzu yana can ƙuryar ɗaki kusa da randa, inda haske ke isa amma rana ba ta taɓa shi, nakan kuma ɗaga murfin kaɗan da dare.

Wanda zai saya, ya fara da gansakuka kaɗai, ya kuma nemi mai kafar iska ko da zai ƙara kuɗi. Ni dai idan damina ta faɗi zan koma gindin katangar nan in ƙaro wata.