Lima: Miraflores, Barranco ko tsohon gari, ina ya fi dacewa ka kashe kuɗinka?

Duk wanda ya sauka a Lima, babban birnin Peru, da kwana uku ko huɗu a hannu, unguwanni uku za a jera masa: Miraflores, Barranco da tsohon gari. Ba zan yi nuƙu-nuƙu ba, tsohon gari ne nawa.

Miraflores unguwar otal-otal ce da manyan kantuna a bakin tekun Fasifik, tsaf-tsaf, ga tsaro, ga tsada. Ka kwana can idan aljihu zai ɗauka, amma abin kallo ɗaya ne ya cancanci lokacinka: Huaca Pucllana, wani tsibin gini na tubalin laka da ya girmi daular Inka, wadda ke mulkin Peru kafin zuwan Sifaniyawa, da ɗaruruwan shekaru. An jera tubalan a tsaye kamar littattafai a kanta, don su jure girgizar ƙasa. Barranco kuwa ta masu zane ce da 'yan shaƙatawar dare. A ɗauki hoto a kan gadar katako, a yi gaba.

Tsohon gari ne ke da labari. Nan Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan da suka ci Peru da yaƙi, ya kafa birnin ranar 18 ga Janairu, 1535, a gefen kogin Rimak. Idan ka tsaya a dandalin Plaza Mayor, ga fadar shugaban ƙasa inda sojoji ke canjin gadi wajen tsakar rana, ga babban cocin da aka ajiye ƙasusuwan Pizarro, kuma a wannan fili ne Janar San Martín, jagoran yaƙin neman 'yanci, ya shelanta 'yancin Peru ranar 28 ga Yuli, 1821. Girgizar ƙasar 1746 ta rushe mafi yawan birnin, don haka gine-gine da dama da ido zai gani sake su aka yi bayanta. Ɗaga kai ka dubi barandojin katako masu rufi da ƙananan ramuka, inda matan gida ke kallon titi ba a ganinsu. Wanda ya san rawashin, wato tagogin katako na tsohuwar Jidda, zai ji kamar ya taɓa ganinsu, kuma ba banza ba: salon ya biyo Sifaniyawa daga Andalus. A Lima, barandojin fadar Torre Tagle sun fi kyau. Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa cocin San Francisco, inda ake sauka ƙarƙashin ƙasa ta wata matsattsiyar hanya mai warin danshi, a tarar da wani rami mai kama da rijiya an jera ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya a zagaye. Mai raunin zuciya ya jira a waje.

Abinci ma can ya fi araha. Da yamma nemi mai anticucho: zuciyar sa ce aka yanka fale-fale, aka jiƙa da jan barkono da ruwan tsami, aka gasa a tsinke. Tsire ke nan ba ƙuli-ƙuli. Ana danganta shi da bayin da aka kawo daga Afirka, waɗanda kayan ciki kawai ake bar musu, haka ma tacu tacu, shinkafa da wake da aka soya suka yi ɓawo. Ceviche, ɗanyen kifi da ruwan lemon tsami ya dafa, da albasa da dankali da masara, abincin rana ne. Mutanen Lima ba su cika cin sa da dare ba, kai ma kada ka soma. Rufe da picarones, soyayyen ƙullin kabewa da dankali mai zobe, da ruwan rake a kai.

Musulmi ya haddace kalmomi huɗu: cerdo, chancho, chicharrón da jamón, duk alade ne. Sanwicin butifarra ma shi ne a ciki. Chicha morada ruwan baƙar masara ne, ba ya sa maye, kamar zoɓo. Chicha de jora kuwa burkutu ce, pisco barasa.

Yanzu ga inda aka ci ni. Motocin haya na kan titi ba su da mita, ciniki ake yi kafin a shiga. Na yi cinikin, na miƙa wa wani direba takardar sol 100, wato kuɗin Peru, ya juya ta, ya sunkuya kamar yana neman canji, ya mayar mini wai ba shi da shi. Na biya da ƙananan kuɗi ina godiya. Washegari mai kanti ta ɗaga takardar sama, ta shafa da babban yatsa, ta turo mini abata ba ta ce uffan ba. Ashe ya musanya ta da jabu a gabana. Tun daga ranar nake fasa manyan takardu a banki ko babban kanti, kuma ba na barin takarda ta ɓace wa idona. Ta gaskiya tana da kaushi a wurin rubutu, ana ganin hoton ɓoye idan an ɗaga ta a haske, lambar kuma tana sauya launi idan an karkata ta. 'Yan canjin da ke tsaye a titi da riguna masu lamba, wasu na da rajista, amma baƙo ba zai iya bambancewa ba, musamman a kan dala. Shiga shagon canji, ka ƙirga a gabansu, ɗaya bayan ɗaya, ko da layi ya taru a bayanka. Daga filin jirgin sama na Callao kuma, ɗauki mota a teburin da ke cikin gini ko ta manhajar waya, kada ka bi mai kiran ka a ƙofa.

Haka ma rigunan sanyi da ake cewa gashin alfaka ne, wata dabba mai gashi mai laushi. Na gaskiya yana da sanyi a tafin hannu da ɗan nauyi, na roba kuwa ɗumi yake da ƙyalli, ga launi mai kashe ido. Idan farashin ya yi daɗi har ka ji ka yi tsintuwa, roba ce.

Da magariba ta wuce, tsohon garin ma ba wurin yawo da waya a hannu ba ne. Ci anticuchonka da sauran haske, ka hau bas ɗin Metropolitano ka koma masauki.