Wasiƙa Daga Jamus: Yadda Suke Shirin Tunkarar Bala'i

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da kuka yi mini tun lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, wato yadda hukumomin nan ke tunkarar irin wannan masifa.

A takarda dai tsarinsu bai yi nisa da namu ba. Jihohi 16 gare su, kowace ita ke da alhakin kare jama'arta daga ambaliya ko gobara, shugaban gunduma ne kuma ke ayyana cewa yankinsa ya shiga halin bala'i. Gwamnatin tarayya tana da hukumar BBK da aka kafa a birnin Bonn a 2004, wadda za a iya cewa takwarar NEMA ce, sai dai ƙarfinta ya fi karkata ga gargaɗi da horo da haɗa kan jihohi, maimakon rabon shinkafa da tabarmi bayan an yi ɓarna.

Kada ku ɗauka ba sa tuntuɓe. A Yulin 2021 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya cika koguna a yammacin ƙasar, mutum fiye da 180 suka rasu, akasarinsu a kwarin kogin Ahr. Masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi tun da wuri, amma umarnin kwashe jama'a bai fito ba sai da dare ya yi nisa, garuruwa da yawa kuma sun riga sun cire jiniyoyinsu bayan ƙarshen yaƙin cacar baka. Wannan ita ce irin matsalarmu, domin NiMet, hukumar hasashen yanayi, da NIHSA, mai hasashen ambaliya, suna fitar da hasashe kowace shekara, amma tsakanin Abuja da ƙofar gidan manomin fadama saƙon yake ɓacewa.

Abin da ya burge ni shi ne gyaran da ya biyo baya. A 2022 tarayya da jihohi suka buɗe cibiyar haɗin gwiwa guda ta kare jama'a daga bala'i, a Fabrairun 2023 kuma aka fara tura gargaɗi kai tsaye zuwa wayoyin da ke yankin da abin ya shafa, ba tare da buƙatar data ko wata manhaja ba. Kowace shekara, ranar Alhamis ta biyu ga Satumba da ƙarfe 11 na safe, ana gwajin ƙasa baki ɗaya. A wurin aikinmu wayoyin kowa kan ɗauki ƙara mai kashe kunne a lokaci guda, har waɗanda aka rufe wa murya, jiniya kuma tana kuka a waje, mutane su duba su ci gaba da aikinsu. Gwajin farko na 2020 bai yi armashi ba, saƙon ya makara, kuma shugaban BBK ya rasa kujerarsa a kan haka.

Masu aikin ceton ma yawancinsu 'yan sa-kai ne. 'Yan kwana-kwana na sa-kai sun kai kimanin miliyan ɗaya, ga kuma ƙungiyar agajin gaggawa ta THW mai shuɗɗan motoci, wadda gwamnati ke saya wa injinan zuƙe ruwa, janareto da kwale-kwale, alhali membobinta makanikai ne da malamai da ɗalibai masu zuwa horo bayan an tashi aiki.

Ta fuskar kaya kuwa, ban ga abin da suka fi mu ba. Hukuma tana shawartar kowane gida ya tanadi abincin kwana 10, ruwa lita 2 ga kowane mutum a rana, da tocila, kyandir, magunguna da rediyo mai batir. Duk wannan akwai shi a kasuwar Sabon Gari, kuma gidan da ke da buhun gero da randa da gawayi ya fi Bajamushe mai murhun lantarki iya jure ɗaukewar wuta. Ko inshorar ambaliya da ake zaton kowa na da ita a nan, kusan rabin gidaje ne kawai suka yi.

A ganina, Kawu, tunda kuna cikin kwamitin unguwa, abin da za ku iya ɗauka ba tare da jiran Abuja ba shi ne a tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa karɓar saƙon hukumar jiha, a yi yarjejeniya da limamai kan sanarwa ta lasifikar masallaci, a kuma nuna wa kowa tudun da za a taru tun kafin damina ta kankama. A gaida su Inna da yara.