Chevrolet ɗin hamada na Tamiya, 1/35: tsohon kwali mai daɗin haɗi, sai dai a yi hattara da tsatsa

Kwalin da ake magana a kansa shi ne na kamfanin Tamiya na Japan mai lamba 35092, ƙaramin samfurin motar Chevrolet ta rundunar sintirin hamada ta Ingila, wadda aka fi sani da LRDG, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'auninsa 1/35, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 35 a motar gaske. Tun shekarun 1970 aka fitar da shi, kuma tsufan yana nunawa a wasu wurare. Duk da haka, ga mai son fara haɗa motar yaƙi a Injamena, Marwa ko Garwa, ya cancanci kuɗinsa da wahalar aikowa. Sassan suna shiga juna ba gardama, takardar bayanin zane ce da ko wanda ba ya jin Turanci zai bi, kuma motar buɗaɗɗiya ce, duk aikin da ka yi a cikinta ido zai gan shi.

Rundunar ma tana da alaƙa da Chadi. Ralph Bagnold ne ya kafa rundunar a Masar a 1940. A watan Janairun 1941 motocinta suka ratso hamada har Tibesti, suka ɗauki wasu sojojin Faransa Mai 'Yanci daga Chadi, aka kai wa sojojin Italiya hari a Murzuk da ke Libiya a ranar 11 ga wata, inda jagoran Faransawan, Kanar d'Ornano, ya rasa ransa. Bayan haka ne Kanar Leclerc na Faransa Mai 'Yanci ya tashi daga Faya da sojojin da yawancinsu 'yan Afirka ne, sansanin Italiya na Kufra a Libiya ya miƙa wuya ranar 1 ga Maris. Sai dai a lura: motar da ke cikin kwalin nan ƙirar 1533X2 ce ta Kanada, wadda ta iso hannun rundunar a 1942. Duk wanda ya ɗora ta a kan allo ya rubuta "Murzuk 1941" ya yi kuskure. Harin da rundunar ta kai Barce a Libiya a Satumban 1942 ya fi dacewa da ita.

Motar gaske tana ɗaukar kimanin tan ɗaya da rabi, injinta silinda shida, ƙafafun baya kaɗai ke ja, sitiyari a dama. An cire rufi da ƙofofi, an rage sandunan gaban lagireto don iska ta shiga, an sa mata manyan tayoyin yashi 10.50-16. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 134 ne, wanda a samfurin ya kama milimita 97. Wannan adadin yana da amfani: idan ka gama shasi, ka auna dama da hagu da rula, in ba su zo daidai ba to aksul ya karkace.

A shasin ne ma yawancin masu farawa ke faɗuwa. Kafin komai, a wanke sassan da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bar su su bushe. Kada a murɗe sashe daga jikin firam ɗinsa da hannu, yakan tsage. Abin yankan farce ya isa a yanke shi nesa kaɗan, sannan a gyara da reza da samfefa mai lamba 600. Sifirin da farfela da salansa duk suna da siririn layin da bakin mazubi ya bari, a kankare shi da bayan reza, don fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi. Idan an manna sifirin da aksul, a sa tayoyi ba tare da gam ba, a dasa shasin a kan gilashi ko tayil, a ɗora masa ɗan nauyi kamar batirin tocila guda biyu, a bar shi ya kwana. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ƙare da mota mai ƙafa ɗaya a sama, kuma bayan an ɗora bodi babu gyara.

Gam ɗin da ya dace shi ne na ruwa mai narkar da roba, irin Tamiya Extra Thin. Ana haɗa sassan biyu tukuna, sannan a taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshin, gam ɗin ya bi tsagar da kansa. A zafin watan Afrilu yana ƙafewa kafin ka kai hannu, don haka shafa wa sashe sannan a ɗauko ɗan'uwansa ba ya yi. A rufe kwalbar bayan kowace taɓawa. Sufa gulu na kanti kuma a ajiye shi don waya da ƙarfe, kada ya kusanci gilashi, tururinsa yana barin farin dusashe da ba ya gogewa.

Inda tsufan kwalin ya fi fitowa: akwai zagayayyun tabban mazubi a wasu fuskoki na ciki, gefunan madigadi sun yi kauri, mutanen da ke ciki sun sandare kamar ba a mota suke ba, kayan lodi kuma sun yi kaɗan. Tabban da lodi zai rufe, ƙyale su. Waɗanda za a gani a cike su da ɗan foti a goge. Gefen madigadi a kankare shi daga ciki har ya yi siriri. Akwai bindiga Lewis, da rediyon sadarwa, da kamfas ɗin rana na Bagnold, da gwangwanin tara tururi, da farantan yashi, kuma waɗannan su ne suka sa motar ta zama ta LRDG. Gwangwanin nan yana son bututu. A motar gaske ana jan bututun ambaliyar lagireto zuwa cikin gwangwani mai ruwa, tururi ya koma ruwa, in inji ya huce ya tsotse shi ya mayar. Zaren tagulla na milimita 0.5 daga tsohuwar wayar lantarki ya isa a kwaikwayi bututun, minti biyar ne aikin, amma mai sani yana duba shi.

Lodi kuwa sai an ƙara. Motocin nan sukan yi makonni ba su ga gari ba, don haka a cike suke maƙil da mai, ruwa, abinci, barguna da harsashi. Takardar tishu da aka jiƙa da gam ɗin kafinta, kashi ɗaya gam kashi uku ruwa, tana ba da tamfol da naɗaɗɗen bargo masu kyau. A ɗora ta tana da danshi a kan akwatunan don ta ɗauki siffarsu. Bandejin farmasi da aka rina da ruwan shayi mai kauri yana zama ragar ɓoye mota. Zaren ɗinki na igiya, a ja shi ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta. Abu ɗaya da ke ɓata aiki shi ne kayan da aka liƙa a gefen bodi ba igiya ba ƙugiya. Duk abin da ke rataye, a nuna abin da ya riƙe shi. Jarkar Jamus hannu uku gare ta, a duba wannan idan an sayo ƙarin jarkoki.

Sai fenti. A bar shasi, bodi, tayoyi da lodi a rarrabe har a gama. Launin tushe ruwan ƙasa ne mai haske da ya karkata zuwa rawaya. Haɗin fentin Tamiya da ke ba da sakamako mai kyau: kashi biyu XF-59, kashi ɗaya XF-57, kashi ɗaya farin XF-2. Mai fesawa ya tsinka shi da sinadarin tsinkawa X-20A har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar shanu, wato a yanayinmu fenti ɗaya, sinadari ɗaya da rabi zuwa biyu, matsin iska kimanin bar ɗaya, tazara santimita 8 zuwa 10. Matsalar da ba a faye faɗa a bayanan Turai ba ita ce fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin mota ya yi gautsi yana kama yatsa. Zafi da bushewar iska ke jawo haka. Maganinsa a matso kusa, a rage iska, a ƙara sinadari, a kuma yi aikin da sassafe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, da an gama fesawa a kife roba mai tsabta a kan aikin. Wanda ba shi da na'urar fesawa ya nemi Vallejo ko Humbrol, domin fentin Tamiya ba ya son buroshi, shafa ta biyu tana ɗago ta farko. Shafa uku masu siriri sun fi ɗaya mai kauri. Kada a kuskura a tsinka fenti da fetur ko tina na masu fentin mota a shafa da buroshi, yana cin robar.

Taya ba baƙa ƙirin ba ce, XF-85 ko baƙi da ɗigon ruwan ƙasa ya fi. Kafin manna tambarin ruwa, wato sitikar da ake jiƙawa a ruwa, a fesa banish X-22 mai sheƙi a wurin, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashi ya riƙa ƙyalli fari. Takardar tambarin da ta daɗe a zafi takan farfashe a ruwa, don haka a fara gwadawa da wanda ba a buƙata.

Tsufar da mota shi ne inda ya kamata mu fi kowa iyawa, kuma abin takaici nan ne ake kwaikwayon hotunan intanet ido rufe, a zuba wa motar hamada jar tsatsa da taɓo kamar ta fito daga damina a Duwala. Je ka tashar manyan motocin da ke zuwa Faya ko Abeshe ka tsaya kusa da ɗaya. Saman bonet da madigadi sun koɗe sun yi fari-fari, gefuna sun fi duhu. Bakin bamba da matakala yashi ya goge su har ƙarfe yana ƙyalli. Ƙura ta taru a kusurwoyi, a bayan kan ƙusoshi, a cikin ramin ƙafa, kuma duk inda mai ya ɗiga ta manne ta yi baƙin dunƙule mai laushi. Tsatsa tana salansa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Motocin LRDG ma ba su daɗe a aiki ba balle su ruɓe. Rana da yashi da hannun mutane ne suka cinye su.

Ga yadda ake bi. A ƙara kashi ɗaya na fari a haɗin tushe, a fesa sama-sama a kan fuskokin da ke kallon rana kawai. Bayan banish mai sheƙi ya kwana, a narka fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, kashi ɗaya cikin goma na farin sinadarin tsinka fentin mai, a ɗiga da bakin siririn buroshi a tsagogi da kewayen ƙusoshi. Bayan minti goma a share abin da ya wuce da audugar kunne mai ɗan danshi. Kada a yi wa motar wanka da shi, yana shiga mahaɗai ya raunana su, sai ka ga sifirin ya ɓalle. Ɓarewar fenti kuma da ɗan yankin soso ake yi: a tsoma a ruwan toka mai duhu, a dangwala a takarda har ya kusa bushewa, sannan a taɓa inda ƙafa da hannu da kaya ke gogawa, wato matakala, bakin bodi, gefen kujera, ƙofar baya. A tsaya tun ana ganin kamar bai isa ba.

Farantan yashi sun cancanci kulawa ta musamman. Na ƙarfe ne masu huji, ana cusa su ƙarƙashin ƙafafun baya idan mota ta kafe, tabarmin zane kuma a gaba. Taya ta sha murza su, saboda haka tsakiyarsu ba fenti. A shafa musu launin ƙarfe mai duhu, a goga bakin fensir 2B a kan tudun, a murza da yatsa. A ɗan lanƙwasa ɗaya a ruwan zafi, domin ba farantin da ya yi aiki ya zauna a miƙe. Fensirin nan ya taɓa bakin bindiga, sandar giya da fedoji ma.

Ƙura ce ta ƙarshe, bayan banish marar sheƙi XF-86, domin banish a kan ƙura yana haɗiye ta. A kankare allin zane mai launin yashi da ɗan fari a kan samfefa, a ɗiba da busasshen buroshi, a cusa a kusurwoyi da zanen taya, sannan a taɓa gefen da ɗigon X-20A ya bi ya kama ta. A goge tudun taya da yatsa don ƙurar ta rage a cikin rami kawai. Launi ma abin lura ne: jar ƙasar hanyar Ngaundere ba ta hamadar Libiya ba ce, can fari-fari ne mai rawaya. Yashin bakin kogin Shari kuma ya yi girma ga allon da za a dasa motar, ƙwaya mai milimita ɗaya daidai take da dutse mai santimita uku da rabi. A tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi, a yi amfani da garin da ya sauka kawai, a dasa tayoyi a ciki tun gam ɗin kafinta bai bushe ba don motar ta nutse kaɗan, ta nuna nauyin lodinta.

Tamiya ta sake fitar da motar nan a wasu kwalaye, har da wanda ya zo da ƙarin sojoji, kuma in an samu wannan ya fi, don mutanensa sun fi na asali rai. Mai yin oda daga Faransa ko ta hannun ɗan'uwa mai zuwa ya haɗa da gam da sinadarin tsinkawa a lissafi, ya kuma tambaya tun da wuri, domin ruwa mai kama wuta ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauka a jirgi ba. Idan kwalin ya iso, kada a bar shi a cikin mota a rana ko dab da rufin kwano. Dogayen sassa irin sandunan shasi da gefunan bodi su ne ke fara lanƙwashewa. Wanda ya riga ya lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan zafi da bai kai tafasa ba na daƙiƙa ashirin, a danne shi a kan gilashi har ya huce.