Ƙaramar mitar da muka saka a gidan hayarmu, bayan wata huɗu

Jama'a wata huɗu kenan da muka ɗaura ƙaramar mita ɗaki-ɗaki a gidan da nake haya a nan Kano, na ce bari in faɗi yadda na ganta saboda masu zaman gidan haɗaka irin namu. Mu shida ne a gidan, babbar mita guda ce mai kati, duk wata sai a yi karo-karo a sayi wuta amma kafin sati biyu ta fara kuka ta cinye tas, kowa yana rantsuwa shi fanka da ƙwai biyu kawai yake kunnawa, har ta kai matan gidan gaisuwa ma da ƙyar.

A kasuwar Sabon Gari muka sayo su. 'Yar ƙarama ce, ba a saka mata kati kuma ba ta yanke wuta, ita dai ƙirga yunit ɗin da ya shiga ɗakinka ne aikinta, ƙarshen wata a duba lamba kowa ya biya abin da ya sha. Yini guda mai gyaran wuta ya gama ɗaura su.

Wata na farko da muka haɗa lissafin guda shidan sai muka ga ko kusa bai kai abin da babbar ta ci ba. Mai gyara ya dawo ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, ashe wata siririyar waya ce aka jona ta bayan bangon banɗaki ta tsallaka shagon askin da ke jikin gidan, da ita yake aski, da ita yake cajin wayoyin mutane yana karɓar kuɗi, har da hita. Hita mai wat 1500 in ta yi awa ɗaya yunit ɗaya da rabi ta sha fa, ku lissafa kullum. Wallahi abin da ya fi ƙona min rai akwai wata baiwar Allah a gidan mai marayu, zoɓo take sayarwa, ita aka yi ta zargi saboda firij ɗinta kuma tana biyan kasonta ba fashi.

Da muka samu mai askin sai ya ce min, haba Yaya, wutar NEPA ce fa, ta gwamnati ce ba ta kowa ba. Na ce ƙanena wace NEPA, tun 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin raba wuta, ko da ma ta gwamnatin ce wannan da ka ja mun riga mun biya kuɗinta daga aljihunmu. Kuma wuta yanzu ba ta da araha, a Afrilun 2024 an kai yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225. Dokar lantarki ta 2023 ma ta sa jona waya da baifas, wato tsallake mita, cikin laifuka. Limamin masallacinmu da aka kai masa maganar cewa ya yi zancen haddi na alƙali ne, amma dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa. Ni dai a wurina sata ce, don ba a ganin wuta a hannu ba shi zai sa ta zama ta banza ba, kuma da ba laifi ba ne me ya sa aka bi da wayar ta bayan banɗaki.

Ƙaramar mitar tana da nata matsalolin. Lambobin ƙanana ne, da dare sai da tocila, kuma ɗaya ta ƙone mana ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, don haka kar ku ɗauki mafi arha. Ita ma ana iya tsallake ta, mu akwati muka yi musu da kwaɗo, makullin yana hannun Baba mai gida, sannan sai an samu mai rubuta lamba duk ƙarshen wata in ba haka ba rigimar dawowa za ta yi.

Mai askin ya zo ya ba baiwar Allahn nan haƙuri, yanzu shi ma an ɗaura masa tasa ta bakwai, watan jiya shi ya fi kowa biya.