Bawul ɗin Zephyr a Huhu: Sharhin Wanda Aka Sanya Wa

Tun da na dawo Garwa daga jinya a Faransa, masu fama da ciwon numfashi da 'ya'yansu suke tare ni suna tambaya ko su ma su nemi a sanya musu bawul a huhu kamar yadda aka yi mini. Magana ce da ba ta ƙarewa a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani.

Ciwona shi ne wanda likitocinmu ke kira BPCO, wato ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, kuma nau'in da ya kama ni shi ne amfizem, wato lalacewar ƙananan jakunkunan iska na huhu. Na daɗe ina jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Kuseri, ga taba, ga hayaƙin gazuwal, ga ƙurar hanya. A wannan ciwo iska tana shiga amma ba ta fita duka, sai sashen da ya lalace ya kumbura ya danne wanda yake da sauran lafiya. Kafin aikin, sai na huta a tsakiyar alwala, salla kuwa a zaune nake yin ta, duk da ban taɓa wasa da magungunan shaƙa ba.

Wanda aka sanya mini sunansa Zephyr, na kamfanin Pulmonx ne na Amurka, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 2018, shekarar da ta amince da wani irinsa mai suna Spiration. Faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Duk direba ya san bawul ɗin taya yana barin iska ta shiga ya hana ta fita. Wannan kuwa akasin haka yake yi. Huhun dama yana da sassa 3, na hagu 2, sai likita ya zaɓi sashen da ya fi lalacewa ya toshe hanyoyinsa da bawul, galibi 3 zuwa 5, har iskar da ta maƙale ta fice, sashen ya motse, sauran huhun ya sami wurin buɗewa. Ba a tsaga ƙirji. Ta baki ake zura siririn tiyo mai kyamara bayan an yi wa mutum allurar barci, kuma aikin ba ya cika wuce awa guda.

A ganina abin da ya fi cancantar yabo shi ne binciken da ake yi kafin a taɓa mutum, domin a nan ake mayar da mutane da yawa gida, kuma da gaskiyar likitoci. An auna ƙarfin numfashina, wanda ake so ya kasance wajen kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na abin da ya kamaci mai shekaruna. An sa ni tafiyar minti 6 a farfajiyar asibiti ana auna nisan da na ci, aka duba zuciya, aka kuma tabbatar na bar taba, domin sharaɗin shi ne aƙalla wata 4 ba a sha ba. Sai babbar tambaya: shin akwai ɓoyayyun ƙofofi tsakanin sashen da za a toshe da maƙwabcinsa? Idan akwai, iska za ta riƙa zagayowa ta baya, bawul ɗin ya zama aikin banza. Da hoton sikana, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu dalla-dalla, ake fara dubawa, sannan a tabbatar da wata na'ura mai suna Chartis a ranar aikin, wanda ke nufin mutum yana iya farfaɗowa a ce masa ba a sanya komai ba. An kuma matsa mini da tambaya kan tarin fuka, abin da ya kamata mutanenmu su lura da shi, saboda tabon tsohon tarin fuka da yawan majina suna iya hana a yi aikin. Duk wanda ya taɓa shan maganinsa ya tafi da takardunsa.

Likitar ba ta ɓoye mini haɗarin ba. Ta kawo alƙaluman binciken LIBERATE na 2018, wanda aka yi da mutum 190: bayan shekara guda, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka sanya wa bawul numfashinsu ya ƙaru sosai, a cikin waɗanda aka bari da magani kaɗai kuwa kusan kashi 17 ne. Amma kusan kashi 27 na waɗanda aka sanya wa bawul huhunsu ya huje a cikin kwana 45 na farko, kuma mutum 4 cikin 128 da aka yi wa aikin sun rasu a wannan tsakani. Ɗana da ke fassara mini ya ce, "Baba, ta ce ku je ku yi shawara, ba yau za ku ba da amsa ba." Na yi istihara, na yi waya da iyali, sannan na sa hannu.

Ina cikin waɗanda huhunsu ya huje. Da dare na ji suka a gefen ƙirji, numfashi ya gagara, nan take aka ɗauki hoto aka soka mini tiyo tsakanin haƙarƙari don fitar da iskar. Dalilin hujewar sananne ne: idan sashe ɗaya ya motse, na kusa da shi yakan buɗe da sauri har ya tsage, shi ya sa ake riƙe mutum a asibiti aƙalla dare 3, lokacin da abin ya fi faruwa. Tiyon nan ya fi aikin kansa ciwo nesa ba kusa ba. Ya kuma jawo ɗawainiyar da ba a lissafa ta tun farko, domin ba a barin mai irin wannan ya hau jirgin sama sai hoto ya nuna huhun ya koma daidai, ga canjin tikiti, ga neman ƙarin wa'adin biza, ga kuɗin kwanciya da ke ƙaruwa kullum.

Amfanin da na samu na gaske ne, alhamdu lillahi. Ina tsayawa a sahu, ina zuwa masallacin unguwa da ƙafata, ina wanka ba tare da an taimaka mini ba. Sai dai ciwon yana nan. Magungunan shaƙa ban bar ko ɗaya ba, kuma idan hazon hunturu ya rufe kogin Binuwai nakan koma ɗaki in rufe taga kamar da. Bawul ɗin ma yana iya gocewa, ko tsoka ta tsiro a gefensa, a sake shiga da kyamara a gyara ko a cire shi, wanda ga mutumin Garwa ko Marwa ko Njamena yake nufin wata doguwar tafiyar.

Saboda haka ina ba da shawararsa ga wanda amfizem ya kai shi zaune, ya bar taba, yake da halin zama kusa da asibitin na tsawon makonni, kuma yake da likitan huhu a gida da zai ci gaba da duba shi. Wanda zai sayar da gida ko gona yana sa ran warkewa, ban ga ya dace ba. Kafin a yanki tikiti, a yi gwajin numfashi da hoton sikana a nan gida ko a Yawunde, a aika wa asibitin da ke aikin su duba, domin daga hoton kaɗai suna iya gane da yawa daga cikin waɗanda bawul ba zai yi musu amfani ba.