Yadda aka sake haɗa min wayoyin mota a Apo

A watan Yuli na dawo daga tafiya na tarar ɓeraye sun cinye wayoyi huɗu a ƙarƙashin bonet ɗin motata da na bari a ajiye a Kubwa, Abuja. Mai gyaran da na fara kai wa murɗe bakunan wayoyin kawai ya yi da yatsa, ya naɗe su da baƙin salatif. Ba a yi sati uku ba zafin inji ya saki salatif ɗin, ruwan damina ya shiga, jan ƙarfen ya fara yin kore, fankar lagireto ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar cunkoso, allurar zafi tana hawa ina kallo.

Daga nan aka yi min kwatancen wani mai wayarin a garejin makanikai na Apo, nan cikin Abuja. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir na nagetif, domin ko da yake lantarkin mota bolt 12 ne kacal, batir na da ƙarfin da zai mayar da siririyar waya garwashi idan ta haɗu da jikin mota. Ya yanke duk inda ya yi kore, sannan ya nemo waya mai silili da yawa wadda kaurinta ya yi daidai da ta asali. Ya ce wayar gida mai sili ɗaya karyewa take yi da jijjiga, wadda ta fi siranta kuwa zafi take ɗauka kafin fiyus ya tsinke.

Hanyar haɗin ce ta fi burge ni. Na ɗauka dalma zai narka a kai, amma ya nuna min cewa dalma tana bin silin waya ta sandarar da ita, kuma daidai inda ta tsaya nan wayar ke tsinkewa a kan gargada. Sai ya zura bakunan biyu cikin ɗan bututun ƙarfe, ya matse da filayar da aka yi domin wannan aikin, ya miƙo min ya ce, "Alhaji, ja da ƙarfinka." Na ja, ko gezau. Ya rufe wurin da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, har gam ɗin cikinta ya ɗan ɓullo ta gefe. Haɗin huɗun ma bai jera su wuri guda ba, kowanne ya ba shi tazara, don kada su gogi juna.

Inda na ga gazawarsa shi ne ba ya ajiye kayan aikin a shago, sai da yaronsa ya shafe fiye da awa guda yana nemo robar, kuma kuɗin ya kusa ninka na farko. Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Motar ta ƙarasa damina, na je Jos da ita sau biyu ta hanyar Akwanga, kuma ko a hawan Kibo fankar ba ta ɗauke ba.