AirPods ko FreePods na Oraimo?

In ka je sayen abin sauraro na kunne mara igiya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, mai shago zai fara tambayarka, "Alhaji, wace waya kake riƙewa?" Yana da gaskiya. AirPods, da Apple ya fitar a 2016, da iPhone suka saba: kana buɗe akwatinsu sai su bayyana a fuskar wayar. A Tecno ko Infinix kuwa Bluetooth ne kawai kamar kowa, ga tsada, ga jabu birjik.

FreePods na Oraimo, ƙanin Tecno a kamfanin Transsion, sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Kiɗansu na da nauyi, masu robar baki kuma suna rage hon ɗin 'yan adaidaita sahu. Wajen amsa kira dai, a kunnena AirPods sun fi fitar da murya. Mai Android ya ɗauki Oraimo.